Mijina, Kishiyata, Mai Ran Ƙarfe: Amsar Tambayoyinku Kan Ɗakin Kaka

Tambayoyin wannan makon kusan duk a ɗakin kaka suka taru, don haka na haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan kalmomin kasuwa su yi haƙuri sai wani jiƙon.

Wata daga Gwammaja: Kakarmu tana kiran ƙanena "mijina", ni kuma "kishiya". Wata ƙawata ta ji, ta ce wannan magana ba ta dace da bakin dattijuwa ba. Ya abin yake?

Ƙawarki ce ba ta san gida ba. Bahaushe ya raba danginsa biyu, akwai na kunya akwai na wasa. Iyaye da surukai da ɗan fari na kunya ne. Kakanni da taubasai da ƙannen miji ko na mata na wasa ne. Wanda ya haife ka shi ke da tsawa da horo, wanda ya haifi wanda ya haife ka kuwa ya sauke wannan nauyi, abin da ya rage masa shi ne raha. Uwa a cikin birnin nan na Kano ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma in yana kuka sai ta kau da kai har wani ya ɗauke shi. To son da ta ɓoye ta ina zai fito? Ta ɗakin kaka.

Sunayen kuma ba haka kawai aka raɗa su ba, lissafi gare su. Kaka namiji yana kiran jikarsa mace "amarya" ko "matata". Tunda mijin tsohuwa ya yi amarya, me amaryar ta zama a wurinta? Kishiya. Ita ma sai ta rama, ta ɗauki jika namiji ya zama "mijina", "angona", "maigida". Shi kuma tsohon ya mai da yaron abokin takara mai son ƙwace masa mata. Kowa ya sami abokin faɗa ke nan, ba wanda aka bari.

Yadda ake buga shi sananne ne. Yaro ya shigo, ta ce, "Maigida, yau ma haka za mu kwana ba cefane?" Ya ce, "Ai na sake ki tun jiya, me zan yi da mace ba haƙori?" Ta ce, "Wace ce za ta kwashe ka da wannan kai naka?" Ke kuma kishiya, tuwonki ba zai taɓa yin daɗi a bakinta ba, ko da ta cinye malmala biyu tana kushewa.

Inda 'yan yanzu ke ɓata abin shi ne sun ɗauka wasa ba shi da iyaka. Yana da ita. Wasan na baki ne, hannu ba ya shiga. Ba a yi mata shi da ciwon da ke damunta da gaske, ko da 'ya'yanta da suka rasu. Ba a yi tana kan sallaya ko carbi na hannunta, ba a yi a gaban surukanta ko baƙon da take jin nauyinsa. In ta aike ka, wasa ya tsaya sai ka dawo. Gaisuwar safe kuma a durƙushe ake yin ta, ko kai ne angon. Sannan miji ba ya zuwa hannu rabbana: goron ɗari biyu, ƙosai mai zafi, ko sabulu, wani abu dai. Mai zolayar kaka kullum bai taɓa kawo mata komai ba, wannan raini yake yi ya lulluɓe shi da wasa.

Mafi muni a ciki ita ce suruka mai fakewa da ɗanta. Tana jin haushin uwar mijinta, ba ta da bakin faɗa, sai ta koya wa yaro habaici ya je ya sauke. Tsofaffi suna gane maganar da ta fi ƙarfin bakin yaro, kuma daga ranar gidan ya shiga uku. Uwar yaro ba ta cikin wannan wasa, ko dariya za ta yi sai ta juya baya.

Wani daga Hotoro: "Kakana" ake cewa ko "kakata"?

Kalmar ɗaya ce ga namiji da mace, ɗafin mallaka ne ke bambanta su: kakana, kakansa, kakanmu ga tsoho, kakata, kakarsa, kakarmu ga tsohuwa. A haɗe ake rubutawa, ba "kaka ta" ba. Masu rubuta "kaka kake?" suna nufin "ƙaƙa kake?" kuma su nemi ƙugiya a wayarsu, tana nan.

Wani daga Kurna: A makaranta ana ce min "goyon kaka". Zagi ne?

Rabinsa zagi ne. Ana nufin sangartacce, wanda ba a ƙwaɓa, mai kuka in an ce masa bari. Amma ka san dalilin da ya sa aka sami irinku da yawa. Mace in ta yi cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, can za ta haihu, uwarta ta yi mata wankan jego na kwana arba'in. Jaririn tun ranar farko a hannun kaka yake: ita ke gasa masa cibiya, ita ke yi masa wanka. In ya kusa shekara biyu aka tashi yaye, gidan kaka ake kai shi don ya manta da nono. Da yawa daga wannan tafiya ba sa dawowa, musamman ɗan fari da iyaye ke kunyar cewa a ba su abinsu.

A can kuwa ba a rasa ɗumame da safe, ba a rasa ƙanzo, ba a rasa ƙulli a haɓar zani. In ya yi laifi uba ya ɗauko bulala, ya ruga bayan kaka, shari'a ta ƙare, domin ba mai ɗaga hannu a gaban uwarsa. Nan ne ɓarnar take, kuma ba laifin tsohuwa ba ne ita kaɗai. Yaro ya ga hukuma biyu a gida ɗaya, dole ya zaɓi mai sauƙi. Uban da ya san abin da yake yi ba ya fizgo yaro daga bayanta. Yakan bari sai dare ya same ta su biyu, ya ce, "Inna, mijin nan naki fa ya fara ɗauke-ɗauke." Daga nan ita da kanta za ta ɗaure masa, kuma faɗan kaka sau ɗaya ya fi shiga jikin yaro, don bai saba jin sa ba.

Sauran rabin kuma ni yabo nake ɗaukarsa. Ka saurari goyon kaka yana magana: ya san hantsi da walaha da la'asar sakaliya da almuru, ya san gata da citta bayan jibi, ya iya gaida mai jego da mai takaba kowa da irin tasa gaisuwar. Masu yi maka dariya ka tambaye su mece ce taskira, ko me ake yi da alli a wurin kaɗi, ka ga ido.

Wata daga Yakasai: Me ake nufi da "da tsohuwar zuma ake magani"?

Abin da ya daɗe aka gwada shi ya fi abin dogaro in lamari ya ɓaci. Shawarar tsofaffi ake nufi, da tsohon aboki.

Wani daga Ɗorayi: Na ji yayana yana ce wa kakarmu "mai ran ƙarfe, yaushe za mu sha gumba?" Ita kuma tana dariya. Wannan ba fatan mutuwa ba ne?

Ba shi ba ne. Gumba dai gero ne da aka surfa, aka wanke, aka tsane, aka daka da citta da kanumfari da sukari, aka dunƙula. Ba a dafa ta, nan ta rabu da fura. Ita ake rabawa a sadakar mamaci, ta uku da ta bakwai da ta arba'in. Don haka mai cewa zai sha gumbar tsohuwa, mutuwarta yake ambata ƙiri-ƙiri, kuma jika ne kaɗai ke da wannan lasisi. Amsarta a shirye take: "Sai na ga 'ya'yanka," ko "Ni zan sha taka." In ka lura, a cikin zolayar akwai yabon tsawon rai, kuma tsohuwar da ta tanadi likkafaninta a ƙasan adudu ba ta tsoron a ambaci mutuwa kamar yadda ku kuke tsoro.

Wasan har bayan rai yakan bi ta. A al'ada in tsoho ya rasu da shekaru masu yawa, jikoki sukan ɗauki sandarsa su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, su tsare iyayensu sai an ba su kuɗi. Malamai sun yi ta wa'azi a kan wannan da ita kanta sadakar kwanakin, kuma a cikin birni abin ya ja baya ƙwarai. Kalmar dai ta zauna, har yaran da ba su taɓa ganin gumba ba suna faɗa.

Sharaɗi ɗaya: ranar da ta kwanta ciwo, wannan wasa ya mutu. Mai yin sa a gefen gadon asibiti ba shi da hankali.

Wani daga Sharaɗa: Kakata takan ce "fam biyar" ko "jaka biyu", mu yi ta rigima a kan canji. Nawa take nufi?

Ita ce da gaskiya, kai ne ba ka iya lissafinta ba. Kafin 1 ga Janairu 1973 da fam da sule da kwabo ake ciniki. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. Sisi kwabo 6, taro kwabo 3, anini kuwa sai ka tara 10 kafin su yi kwabo ɗaya. Da naira ta zo aka yanka fam ɗaya a kan naira 2, sule ya koma kwabo 10 na sabon kuɗi. To duk abin da ta faɗa da fam ka ninka shi biyu: fam biyar naira 10, fam goma naira 20, fam hamsin naira 100. Jaka ita ce fam 100, wato naira 200, don haka jaka biyu naira 400 ce, jaka biyar dubu ɗaya. Sai dai in kakar taka mutuniyar Maraɗi ce ko Damagaram, ka yi hattara, can jaka sefa dubu ce.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne masu yi wa tsofaffi dariya kan wannan su ne za ka ji suna cewa "ba ni da ko sisi", "ko anini ban samu ba". Kuɗin sun shuɗe, sunansu na bakinku, ba ku san ƙimarsu ba.

Tunda an taɓo nan, bari in amsa wa masu tambayar yadda za a gane shekarun tsohuwar da ba ta da takardar haihuwa, don ana wahala da wannan wajen yin katin ɗan ƙasa da fasfon Hajji. Kada ka tambaye ta shekara nawa gare ta, za ta ce ɗari, ko ta ce arba'in in "mijinta" na kusa. Tambaye ta abin da ta gani. Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya rasu a 1953. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. An naɗa Ado Bayero a 1963. An kashe Sardauna a Janairun 1966. An yi canjin hannu a titi a 1972, canjin kuɗi a 1973, an kashe Murtala a 1976, rikicin Maitatsine a ƙarshen 1980. Sai ka ce, "Lokacin da aka kashe Sardauna kina ina?" In ta ce tana goyon fari, cire 15 zuwa 18 daga 1966, ka sami tsakanin 1948 da 1951. Ka gwada da wani abu na biyu don tabbatarwa, misali ko ta yi wayo lokacin zuwan Sarauniya. In amsoshin biyu sun yi karo, ka riƙe wadda ta shafi aure ko haihuwa, mace ba ta manta waɗannan.

Wata daga Fagge: "Ja'iri" da "shaƙiyyi" da take kiranmu fa?

Duka daga Larabci suke, kuma can suna da nauyi: na farko azzalumi, na biyu tababbe marar rabo. A bakin kaka sun zama "ɗan nema" kawai. Ranar da ta kira ki da cikakken sunanki na yanka, ranar ce za ki ji tsoro.

Wani daga Mandawari: Mene ne sunan abin da tsofaffi ke kankare goro da shi?

Magogi. Kuma gogawa ake yi, kankara aikin wuƙa ne. Murfin gwangwani ake samu a huda shi da ƙusa ta fuska ɗaya, huji kusa da kusa, ɗaya fuskar ta yi kaushi. A kanta ake goga ɓarin goro, garin ya zubo a tafin hannu. In ya fara tsatsa a yar a yi wani. Goron kuma a naɗe shi a tsumma mai ɗan laima: ya bushe ya yi tauri ya ƙi goguwa, ya jiƙe da yawa ya ruɓe. In za ka yi mata tsaraba daga kasuwar goro ta Mariri ka duba kada ka kwaso mai sankara, ka kuma nemi daushe, tsofaffi sun fi son sa a kan sabon goro mai yauƙi.

Wata daga Rijiyar Lemo: Me ya sa kusan kowace kaka yanzu "Hajiya" ce?

Kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A da kowace tsohuwa da sunan da gidanta ya san ta da shi: Inna, Iya, Gwaggo, Dada, Baba ta mata, Yaya. Wasu daga ciki, irin Inna da Gwaggo, daga Fulatanci muka aro su tare da Baffa da Kawu, har ma da dattijo. Kuma kowane suna da tarihinsa. Ɗan fari ya tashi ya ji ƙannen uwarsa na ce mata Yaya, shi ma ya kama, ba wanda ya gyara masa saboda kunya, ƙannensa suka bi, jikoki suka gada. Sai ka ga tsohuwa mai shekara tamanin unguwa duk Yaya ake ce mata. Wata Gwaggo ce don 'ya'yan ɗan'uwanta ne suka fara yi mata suna. Daga jin sunan ka san wani abu game da gidan.

Yanzu duk an share. Hajiya Babba, Hajiya Ƙarama, Hajiyar sama, Hajiyar Fagge, Hajiyar Abba. Yaro na da kaka biyu da kishiyoyinsu uku, duk Hajiya, sai an haɗa da sunan unguwa kamar motar haya. Ban ƙi girmama wadda ta sauke farali ba, laƙabi ne mai daraja. Amma laƙabin da ake kiran mai sayar da atamfa a Kwari da shi, a kira baƙuwar da ba a san sunanta ba da shi, bai isa ya zama sunan da jika zai kira kakarsa da shi a tsakar gida ba. Na Turawa da aka fara ɗora wa tsofaffi kuwa ba zan ma ɓata tawada a kansu ba.

Haka sunayen takwara. In an mai da sunan kaka ga jaririya, uba ba zai iya kiran sunan uwarsa gatsau ba, sai a saka laƙabi: Ummi, Uwani, Inna, Iya, Mama. Na namiji Abba, Baba, Babangida. Wannan yana nan da ransa, alhamdu lillahi, ko da yake Walida da Walid sun shigo. Takwarar kaka kuma 'yar gata ce, ita ce kishiyar da ba a kushe tuwonta sosai.

Masu ce wa iyayensu mata "tsohuwata" ko "gyatumata" a majalisa, ku ma ina jin ku.

Wani daga Tudun Wazirci: Tamu ta fara cewa muna sace mata kuɗi, tana kiran mutanen da suka rasu. Yara na dariya. Shi ne "gigin tsufa"?

Alamunsa ke nan, kuma a raba shi da raha. Tsohuwa mai wasa ta san abin da take yi: ta yi kamar ba ta ji ba in an ce ta sha magani, amma a buɗe leda a ɗaki na uku ta tambayi me aka kawo. Mai gigin tsufa kuwa ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta maimaita tambaya ɗaya sau goma, ta kasa gane jikan da ta goya, ta fita ta rasa hanyar gida. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, a kai ta asibiti, don wani lokaci ma wata cutar ce daban ke ruɗa ta wadda ake iya magancewa. A gida kada a yi musu da ita. Ta ce an sace kuɗi, a ce "bari mu duba", galibi suna ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla. A rage mata wuta da wuƙa, a kula da ƙofar zaure da dare, a daina zancen saki da gumba don tana iya ɗauka da gaske ta kwana tana kuka.

Kuma a tsare bakin unguwa. Tsohuwar da aka gani tana yawo da asuba tana sambatu, kalmar da ke saurin fitowa ita ce "mayya". An cuci mata da yawa da wannan kalma, alhali jinya suke buƙata. Babba juji ne, gaskiya, amma ba a ce a zuba masa ƙazafi ba.

Wata daga Ƙofar Mata: Me ya sa take ƙin yi mana tatsuniya da rana?

Camfi ne, amma mai dalili: rana ta aiki ce. In an buɗe "ga ta nan ga ta nanku" da hantsi, wa zai yi shara da wanke-wanke da tallan? Ki jira bayan isha'i, ki kuma ajiye wayar, don ba za ta ce "ƙurunƙus" ga wanda bai ce "ta zo mu ji ta" ba.

Wani daga Koki: Ɗan jika me ake ce masa?

Tattaɓa-kunne, da ɓ mai ƙugiya.